Azumin Da Ɗana Ya Kwanta Da Sunan Wani

Azumin bana da ruwan sama ya shigo mana. Ran uku ga wata, bayan la'asar, hadari ya taso ta bayan duwatsun Mina, aka yi ta zuba ruwa har titinmu na unguwar Shisha a Makka ya koma kamar rafi. Ina zaune bakin taga ina naɗe sambusa, iska mai sanyi tana bugun fuskata, ko ƙishirwa ban ji ba. A cikin wannan ruwan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Majid, ɗan yayar mijina, jiƙe sharkaf, rungume da wani ƙaton kwali.

"Inna, Mama ta ce a kawo miki," in ji shi.

Ya ajiye a tsakar falo ya buɗe. Kofunan tseren mota ne, guda bakwai, an naɗe kowanne da tsohon mayafi. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na ce ya zauna, na miƙa masa tawul. Ina kallon kofunan nan sai na ji zafin wani azumi ya dawo min a fatar jiki, azumin da muka yi shekara goma sha biyar da suka wuce, a tsakiyar bazara.

Bari in fara daga farko, don wanda bai san mu ba.

Ni da Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa, daga Kano muka zo aikin Hajji, ba mu koma ba. Muka kama ɗaki a kan dutse, inda mota ba ta hawa sai dai ƙafa. A wannan ɗakin na haifi ɗana na fari, ba takardar haihuwa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai. Aka sa masa sunan mahaifin Malam. Kun ga kunya ta zama biyu ke nan: ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. A gidanmu haka aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a maganarsa a gaban mutane. Abba nake ce masa. Har ya yi gemu sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba.

Yayar Malam, Hajiya Rabi, ta riga mu zuwa da daɗewa. Ta auri mutumin da kakansa ya zo Makka a ƙafa tun zamanin da, don haka su 'yan ƙasa ne, suna da katinsu, suna zaune a bene a unguwar Rusaifa. Ɗanta Majid wata huɗu ya ba Abba. Su biyun fuskar kakansu suka ɗauko, goshi ɗaya, hanci ɗaya, har wushiryar.

Malam faci yake yi a wani shagon taya. Abba a cikin taya ya girma. Idan alhazai suka watse, Mina ta zama kango, tantuna sun yi shiru, titunan nan masu faɗi ba kowa sai tattabaru, nan Malam yake kai shi da tsohuwar motar mai shagon yana koya masa tuƙi. Ya dawo ya ce min, "Indo, yaron nan ba koya masa nake ba, tuna masa nake." Ni kuwa in kawar da kai kamar ban ji ba. Haka ake yi.

Yana shekara goma sha bakwai ya sami aikin canza taya a wani filin wasa a hanyar Jidda, inda 'ya'yan masu hali suke tsere da ƙananan motocin nan masu kama da gadon ƙarfe da aka sa wa inji. Kowace safiya shi ke zagaya fili da su, ya ji wadda birkinta ya yi sanyi. Wata rana mai filin ya tsaya da agogo a hannu. Ya ga mai canza taya ya fi duk masu biyan kuɗi gudu. Ya ce zai sa shi a gasa, amma sai da lasin tsere, lasin kuwa sai da katin ɗan ƙasa.

A falon Hajiya Rabi aka yi maganar, wata Juma'a bayan an ci shinkafa.

"Majid ko keke tsoro yake ji," in ji ta. "Katinsa na nan kwance a durowa yana shan ƙura. Wa zai bambance su?"

Malam ya ce, "Yaya, abin nan fa akwai haɗari."

"Haɗarin me? Mutanen nan baƙar fuska duk ɗaya ce a idonsu." Sai ta juyo gare ni. "Ke Indo, ba ki ce komai ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni me zan ce, Yaya? Ai ɗanki ne."

Abin da kowace uwa mai kunya za ta faɗa ke nan. Na ji mahaifiyata ta faɗa a kan yayana, na ji kakata ta faɗa. A Kano magana ce ta ladabi, ana faɗa ana wucewa. Ban san na zo ƙasar da ake rubuta irin wannan magana a takarda a buga mata hatimi ba.

Shekara biyar yana tsere da sunan Majid. Ya gama da ƙananan, aka ɗora shi a kan mota sosai, irin ta gida amma an cire kujeru an ɗaɗɗaure cikinta da ƙarafa. Duk kofin da ya ciyo Rusaifa ake kai shi, tunda sunan gidan ne a jiki. Maƙwabtansu Larabawa su shigo yi wa Hajiya Rabi barka, ta zauna a tsakiya tana cewa "Masha Allah, waladi, ɗana ke nan." Ni ina kicin ina suya. Su yaran kuwa wasa suka mai da abin, tunda taubasai ne.

"Ya Abba, ka riƙa kula da sunana," in ji Majid. "Makon jiya na zo na biyu, ban ji daɗi ba ko kaɗan."

"Kai dai ka fara koyon fakin, ya zakara. Jiya ma na ga ka hau kan dakalin masallaci."

Su yi ta dariya. Ni ma nakan murmusa, a cikin kicin.

Saura kwana biyu a kama azumi, da sassafe, suna gwada mota, tayar gaba ta fashe masa a kwana. Motar ta daki katanga. Aka kai shi wani asibiti a Jidda ba ya motsi. Aka duba takardunsa, aka buga waya gidan iyayensa. Wato Rusaifa.

Ni sai bayan azahar na ji. Majid ne ya hawo matakalar dutse da 'yar jakarsa, yana haki, idonsa ja. Ya ce Abba yana da rai amma bai san inda yake ba. Ya ce babansa, mijin Hajiya Rabi, ya sa hannu an yi aiki a kai. Sannan ya ce Mama ta ce shi ya zauna a wurinmu, kada ya leƙa ko ƙofa, domin a takarda shi ne yake kwance a Jidda, bai kamata maƙwabta su gan shi yana yawo ba.

Haka muka shiga azumin. Ɗanta yana ɗakina, ɗana yana hannunta.

Zafin shekarar ba zan iya kwatanta shi ga wanda bai zauna a kan dutse ba. Dutsen yini yake yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita. In ka jingina da bango sai ka janye bayanka. Mukayyif ɗinmu, na'urar sanyin nan, ta tsufa, tana kuka tana ɗigar ruwa, wuta kuma in ta ɗauke sai ɗakin ya zama tanda. Nakan jiƙa zani in rataya a taga, kafin in juya ya bushe ƙayau. Motar ruwa a gindin dutse take tsayawa. Daga nan sai jarka, hawa ɗari da wani abu, ruwan ma da ɗuminsa yake isowa, sai an zuba a randa ya kwana kafin ya shawu.

Ga yadda yinin yake tafiya. Bayan sahur da sallar asuba, kafin rana ta fito, Malam ya sauka ɗebo ruwa. Majid, wanda a gidansu ko kofi bai taɓa wankewa ba, ya naɗe kansa da rawani don kada a gane shi, ya bi kawunsa, ya ɗauko jarka biyu. Tafin hannunsa ya tashi ya fashe, bai fasa ba. Ni kuma in surfa wake, in niƙa, in dama kunun tsamiya. Shekara da shekaru da ƙosai da kunu nake riƙe azuminmu, ina soyawa da la'asar Malam yana sayarwa a gindin dutse. A waccan shekarar kuwa lokacin suya shi ne lokacin ziyarar asibiti. Dole in soya tun hantsi in rufe. Kafin magariba ƙosan ya yi sanyi ya yi tauri, masu saye suka koma wurin wata. Abin da ya yi kwantai shi muke buɗe baki da shi, shi muke sahur da shi. Sai miyar adas, ɗan waken nan na Larabawa, tsararo, da gurasar jiya. Nama sau biyu muka gani kafin goman ƙarshe, shi ma sadaka.

Da azahar in sa abaya da niƙabi in sauka. Takalmin roba yana laushi a kan matakala saboda zafi. In tsaya a bakin titi, babu inuwa, har motar Hajiya Rabi ta iso. Mijinta yana tuƙi, ita tana gaba, ni ina baya da jaka da tawul da kwalbar zamzam a cinya. Malam bai taɓa bin mu ba ko sau ɗaya. Namiji marar takarda ba ya wuce shingen da ke hanyar Jidda. Ni ma da muka iso shingen ran farko, jami'in ya leƙo ya nuna ni da haɓa.

"Shaggala ce," in ji Hajiya Rabi, ko waiwayowa ba ta yi ba. Wato 'yar aiki.

Ya ɗaga hannu muka wuce. Na sani dabara ce, na sani ba don haka ba da ba zan wuce ba. Amma yadda kalmar ta fito mata sumul, ba tuntuɓe, kamar ta daɗe a bakinta tana jiran rana, shi ne abin da har yau ban manta ba.

Ɗakin da aka kwantar da shi uwa da uba kaɗai ke shiga. Kwana tara ina zaune a kujerar ƙarfe a baranda. Sanyin asibitin yana shiga ƙashi, daga wuta ka faɗo cikin ƙanƙara, leɓɓana a bushe, cikina yana kiran abinci amma raina ba ya so. In an buɗe ƙofa nakan miƙa wuya. Abin da nake iya hangowa ƙafa ɗaya ce a ƙarshen gado. Na gane ta. Akwai tabo a babban yatsa, inda man ƙosai ya fallatsar masa yana rarrafe.

A rana ta goma ciwon baya ya kama Hajiya Rabi, ba ta iya sunkuyawa. Ta roƙi likita a bar 'yar aikinta ta riƙa shiga tana goge masa jiki. Aka yarda. Haka na shiga wurin ɗana, da tawul a kafaɗa da roba a hannu.

An aske masa kai, an naɗe. Bututu a baki, bututu a hanci. A wuyan hannunsa akwai wani farin zobe na roba da rubutu. Lokacin ban iya karatu ba, amma na san abin da aka rubuta.

Likitan ya ce a riƙa yi masa magana, a riƙa kiran sunansa, wani lokaci suna ji. Hajiya Rabi ta ja kujera, ta kama hannunsa, tana hawaye, tana cewa, "Majid. Ya Majid, habibi. Tashi, ga Mama." Kullum haka. Ni ina gindin gado ina goge tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ba zan yi mata ƙarya ba, azumi nake. Kukanta na gaske ne. Ba ta fasa zuwa ba ko rana ɗaya, ta yi masa saukar Alƙur'ani, ta rame. Ban taɓa cewa ba ta son shi ba. Son ne ma ya fi ci min rai, domin ba ta bar min ko gefensa ba.

Wata rana a hanyar komawa, rana ta yi ja, samari suna tsaye a bakin titi suna miƙa wa motoci dabino da ruwa, na daure na ce, "Yaya, ba zai amsa ba. Ba sunansa ba ne."

"To me kike so in kira shi?"

"Ko Abba ma."

"A takarda akwai Abba? Indo, ki yi min shiru. In abin nan ya fasu, mijina gidan yari, Majid gidan yari. Shi kuma naki, da bututun da komai, jirgi za a sa shi a kai shi ƙasar da bai taɓa gani ba. Kin fi ni son shi ne? Ni na sa gidana a wuta dominsa. Ke me kika sa?"

Mijinta ya ce, "Halas, ya isa, an kusa kiran salla." Ya miƙo min dabino uku ta baya. Na riƙe su a hannu har Makka ban ci ba.

Na riƙa raɗa masa Abba, Abba, in na zo goge masa wuya. Shiru. Na lura abokan aikinsa biyu da suka san gaskiya, da suka zo dubiya suka tsaya a ƙofa, da sunansa na yanka suke maganarsa a tsakaninsu, ƙasa-ƙasa. Da shi malaminsa na allo yake kiransa, da shi duniyar da ya sani take kiransa kafin a ara masa wani. Tunanin ya shige ni ya ƙi fita.

Ran sha tara ga wata, Hajiya Rabi ta fita yin alwala. Na ajiye tawul. Na matsa kusa da kunnensa. Wallahi na ɗauki jarkar ruwa a kai na hau dutse da cikin wata takwas, bai kai nauyin wannan kalma ba. Harshena ya ƙi. Ji na yi kamar an ce in cire zani a kasuwa. Na ga fuskar mahaifiyata, na ga surukina da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Sannan na faɗa. Sau uku. Na ɗora goshina a kan nasa na ce, "Ni ce. Ni ce uwarka. Ka tashi."

Bai motsa ba. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Da na ɗago, akwai wata nas a bayana tana canza ledar ruwa, 'yar siririya, ina jin daga Indiya take. Ba ta jin Hausa, amma mace ce. Ta dube ni, ta dubi zoben hannunsa, ta dubi ƙofa. Hajiya Rabi tana tsaye a ƙofar, ruwan alwala yana ɗiga daga haɓarta.

Nas ɗin ta nuna ni ta ce, "Mama?"

Hajiya Rabi ta yi wata 'yar dariya, ta ce da Larabci, "Ita ta raine shi tun yana jariri. Kin san su, sukan shaƙu." Nas ɗin ta ɗauki biro. Ta rubuta wani abu a takardar da ke rataye a gado, ta fita. Har yau ban san me ta rubuta ba. Wataƙila awon ruwa ne kawai.

Muka dawo Makka. A gindin dutse motar ta tsaya. Hajiya Rabi ta sauke gilashi.

"Daga yau kin gama zuwa."

"Yaya, ki yi wa Allah."

"Allah nake yi wa. Mace da girmanki, ki buɗe baki ki kama sunan ubana a gaban arniya, ki nemi ki hallaka gida biyu. Kunyar taki ashe ta baki ce." Sai ta ƙara, a hankali, "Da bakinki kika ce ɗana ne, Indo. A falona. Ban roƙe ki ba."

Na hau na faɗa wa Malam. Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki yi haƙuri, gaskiyarta ne." Tsoro ne ya yi magana, na sani, na kuma yafe masa tun yana raye. Majid kuwa ya tashi ya fita tsakar gida, na ji yana buga wa uwarsa waya yana ɗaga murya da Larabci. Bai yi amfani ba.

Goman ƙarshe a kan dutse na yi ta. Da la'asar, lokacin da na saba kama hanya, sai in rasa inda zan sa kaina, in koma kan kaskon ƙosai. Ciniki ya dawo, har muka sayi kaza. Na dafa na ba Majid cinya, na zauna ina kallon ɗan wata yana ci da fuskar ɗana. Duk motar da ta tsaya a gindin dutse sai in ce ga su nan, nas ta yi magana. Duk ƙarar wayar Majid sai in ce shi ke nan, ya tafi, za a yi masa salla da sunan wani, a rubuta sunan wani a rajistar maƙabarta, ni kuma in je gaisuwa Rusaifa in ce wa Hajiya Rabi Allah Ya ba ki haƙuri.

Ran ashirin da bakwai, da hantsi, ya buɗe ido. Fuskar da ya fara gani tata ce. Majid ne ya gaya min, yana tsalle yana kuka, jarka ta kife ruwan da ya sha wahalar ɗaukowa ya malale. Bayan Salla aka sallame shi, aka wuce da shi Rusaifa, wai ba zai iya hawa dutse ba. Wata biyu yana can. Nakan je dubiya, in yi sallama, a ba ni shayi a ƙaramin kofi kamar kowace baƙuwa.

Sai da ya dawo gida, wata safiya ina tankaɗe, ya ce, "Umma, a asibiti na ji ana kirana. Sunana na gaske. Na yi ta tunanin muryar wace ce wannan, na san ta amma ban san ta da wannan sunan ba." Ban ɗago ba. Wataƙila ya ji ɗin. Wataƙila Majid ne ya ba shi labari, ya faɗa don ya faranta min. Ban taɓa tambayarsa ba.

Bai sake sa hular kwano da sunan Majid ba. Ko da ya so ma ba hali, domin an shigo da ɗaukar hoton yatsa, kati ya daina aruwa. Hajiya Rabi ta ce butulci ne, ta faɗa a gaban mutane. Da aka buɗe ƙofar gyaran takardu ya je ya yi fasfo na ƙasar iyayensa, ya sami iƙama. Amma a takarda shi mutum ne da bai taɓa tsere ba. Shekara biyar, kofi bakwai, tabon da ke kansa, duk na Majid ne. Mai filin ya san gaskiya, ba zai iya faɗa ba. Abin da ya iya shi ne ya haɗa shi da wani gareji a Turai, a matsayin bakanike.

Shekara uku yana wanke ƙarafa yana kwana a saman garejin. Sannan suka fara ba shi mota ya gwada musu. Sannan ya shiga gasar 'yan koyo, yana da shekara kusan talatin, yana jere da yaran da ya isa ya goya su, suna ce masa tsoho. Ya ci su. Yanzu manyan motocin nan masu ruri yake tuƙawa, waɗanda ƙofarsu ba ta buɗuwa, sai ta taga ake shiga. Sana'arsa ke nan, da ita ya sauko da ni daga kan dutse. Ba kullum yake ci ba. Ni dai har yau ba na kallo, sai an gama a ce min ya fito lafiya.

A irin motocin, a saman tagar direba ake rubuta sunansa. Da ya aiko hoton farko sai da na kai wa maƙwabciya ta karanta min. Washegari na shiga ajin yaƙi da jahilci da wata baiwar Allah take yi wa mata a gidanta. Ina da shekara hamsin da wani abu na fara riƙe fensir.

Shi ya sa da Majid ya buɗe kwalin nan, na sa tabarau na sunkuya na karanta su da kaina, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na taɓa ba. Majid. Majid. Majid. Har bakwai.

Na ce, "Ta ce wani abu?"

Ya sosa ƙeya. Furfura ta fara fito masa. "Ƙafafunta sun ƙi, Inna, za ta dawo gidana da zama. Ta ce ɗakin ba wuri."

"Shi ke nan abin da ta ce?"

"Shi ke nan."

Na jinjina kai. Shekara goma sha biyar muna gaisawa a biki da makoki, ina ce mata Yaya, tana ce min Indo. Kalma ɗaya nake jira, ba ta zo ba, sai kwali.

"Mayar mata," na ce.

"Inna, azumi ne fa."

"Wancan ma azumi ne."

Ya dubi kofunan. Can ya ce, "Ni ma ba nawa ba ne. Kunyar ganinsu nake ji. Har yau fa ban iya fakin ba, ki leƙa ki ga yadda na ajiye motar."

Na leƙa. Tayar gaba tana kan dakali. Dariya ta ƙwace min, shi ma ya yi. Na ce, "Kai ba ka da laifi, kai ka ɗebo min ruwa. Amma ita ta goge su shekara ashirin, ita ta nuna wa baƙi. Ta nemi wuri ta ajiye kayanta."

Ya tsaya muka sha ruwa tare, na soya masa ƙosai mai zafi, irin wanda ya daɗe bai samu ba a wancan watan. Bayan magariba ya rungumi kwalinsa ya sauka, ana yayyafi.

Da ya tafi na ɗauko littafina na fara wannan rubutu. Malamarmu ta ce mu riƙa rubuta abin da muka sani don hannu ya saba. Na yi kwanaki ina yi, ina ta zagaye abu ɗaya, kamar yadda na saba tun ina amarya. Don Allah mahaifiyata ta yi min gafara, surukina ma haka. Sau uku na taɓa faɗa, a kunnen wanda ba ya ji. Yanzu zan rubuta inda kowa zai gani.

Sunansa Idrisu. Ni na haife shi.